Da Wane Mudu Za a Auna Amanar Ɗalibin Kwamfuta?

Malama Mai Bincike:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata matsala ce ta hana ni barci, ina roƙon masana su sa baki. Aikin digirina na biyu a kan yadda ɗaliban kimiyyar kwamfuta ke kallon ɗa'ar sana'arsu ne, da haƙƙin jama'a da ke wuyansu. Na tsara takardar tambayoyi irin wadda ake zaɓar ɗaya cikin biyar, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai". Jimlolin irin su "Kare bayanan mutane nauyi ne a kaina", da "Bai kamata in rubuta manhajar da za ta cutar da wani ba". Na raba wa 'yan aji ɗaya da 'yan aji huɗu a makarantar da nake koyarwa. Da na tattara, kusan kowa "na yarda ƙwarai" ya zaɓa tun daga sama har ƙasa. 'Yan aji ɗaya waliyyai, 'yan aji huɗu waliyyai. To a makon nan kuma na kama wasu cikin waliyyan sun kawo min aikin gida iri ɗaya sak, har kuskuren da ke cikin sunan fayil bai bambanta ba. Malamin da ke duba aikina ya ce sakamako ya yi kyau, in je in rubuta babi na huɗu. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Me na auna ke nan?

Ɗan Legas:
Wa alaikumus salam. Malama, kin tare mutum a ƙofar masallaci ranar Juma'a kin tambaye shi ko sata tana da kyau. Wace amsa kike jira?

Ɗan Lissafi:
Kafin a yi nisa, tambaya biyu. Sun rubuta suna ko lambar rajista a takardar? Kuma wa ya raba?

Malama Mai Bincike:
Ba suna, amma akwai lambar rajista, don kada wani ya cika sau biyu. Ni na raba da hannuna, ƙarshen lacca.

Ɗan Lissafi:
To ai ruwa ba ya tsami banza. Malamar da makinsu ke hannunta tana tsaye a kansu, lambarsu tana saman takarda, ana tambayarsu ko su mutanen kirki ne. Ko ni aka ba takardar nan layin dama zan bi. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan cuta, wato mutum ya ba da amsar da za ta wanke shi a idon mai tambaya. Tun 1960 Crowne da Marlowe suka fitar da wasu jimloli 33 musamman don kama masu wannan hali. Jimloli ne na nagartar da kusan ba wanda ya kai ta, kamar mutum ya ce bai taɓa tsanar kowa ba a rayuwarsa. Wanda ya yi ta cewa "haka nake" a irin waɗannan, kin san sauran amsoshinsa ma sai an tankaɗe.

Abu na biyu, ma'aunin matakai biyar ɗin nan da Rensis Likert ya kawo a 1932 yana aiki ne idan jimlar tana raba kan mutane. In kowa ya taru a mataki na biyar, ba ki sami bayani a kan ɗalibai ba, kin sami bayani a kan jimlar: ta yi sauƙi. Kamar sikelin da iyakarsa kilo goma ne ki ɗora masa buhun masara da buhun siminti, duk goma zai nuna miki.

Malama Mai Bincike:
Amma fa lissafin Cronbach, wanda ake gwada takardar tambayoyi da shi, ya haura 0.9, shi ne ma abin da ya burge malamina.

Ɗan Lissafi:
Wannan lambar daidaito take nunawa, ba gaskiya ba. Tana cewa jimlolinki suna tafiya tare ne kawai. Shaidun zur goma in sun haɗa baki, maganarsu za ta zo ɗaya. In ta hau sama sosai ma wani lokacin alama ce tambaya ɗaya kike ta maimaitawa da sauya riga.

Autar Aji Uku:
Malama ki yi haƙuri, bari in faɗi yadda abin yake ta ɓangarenmu. Duk zangon karatu sai an kawo mana irin takardun nan, na 'yan furojet, na masu digiri na biyu, na wasu ma da ba mu san su ba. Yawanci ƙarshen lacca ake rabawa, yunwa ta ci mutum, ana sauri a sami mota. Wallahi da yawanmu jimla biyu ta farko muke karantawa, in mun gane inda aka dosa sai mu zuba layi ɗaya har ƙasa. Ba rashin kunya ba ne, gajiya ce.

Ɗan Lissafi:
Allah ya yi miki albarka Auta, kin taƙaita min bayani. Shi ya sa ake juya wasu jimlolin, ta yadda wanda ya zuba layi ɗaya zai ƙaryata kansa da kansa.

Baba Mai Ritaya:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. 'Yata, bari in ba ki wani tsohon labari da muke ba ɗalibai a zamaninmu. A farkon shekarun 1930 wani malamin jami'ar Stanford, Richard LaPiere, ya zaga Amurka tare da wani Basine da matarsa, lokacin da ƙyamar 'yan Sin ta yi ƙamari a can. Sun shiga masaukai da gidajen abinci kusan 250, wuri ɗaya tak aka kore su. Bayan wata shida ya aika wa wuraren nan takarda yana tambaya ko za su karɓi baƙo Basine. Cikin waɗanda suka amsa, sama da 90 cikin ɗari suka ce a'a. Ya buga wannan a 1934.

Lura da kyau, a nan bakin ne ya fi aikin muni, saɓanin naki. An kuma soki binciken, don mai yiwuwa wanda ya amsa wasiƙar ba shi ne ya tarbe su a ƙofa ba. Amma darasin bai tsufa ba: abin da mutum zai rubuta yana zaune shi kaɗai da alƙalami daban, abin da zai yi in ga mutum a gabansa daban. Ba na cewa ki zubar da takardar tambayoyi. Ina cewa ki san iyakar abin da take iya ɗaukowa.

Ustazun Zaure:
Da izinin Baba. Ni fa tun daga tushe nake ganin matsalar. Amana a zuciya take, kuma ba a ba kowa mabuɗin zuciyar wani ba. Yaron da aka yi wa tarbiyya a gida ya san cin amana haramun ne tun kafin ya taɓa kwamfuta. Wanda ba a yi wa ba, ko kwas goma aka ba shi ba zai canza ba, hali zanen dutse ne. Turawa ne da suka raba ilimi da addini suke neman mudun auna ɗa'a. Mu me ya kai mu?

Malama Mai Bincike:
Ustaz, ban musa maka batun tarbiyya ba. Amma ba tambayata ke nan ba. Ba ina neman sanin ko sun san sata haramun ce ba, wannan kowa ya sani, shi ya sa ma takardata ta faɗi. Ina neman sanin ko suna ganin aikin da suke yi a gaban allo yana da alaƙa da haram da halas ɗin da suka sani. Akwai yaron da ba zai taɓa buɗe jakar wata mata a kasuwa ba, amma in ka ba shi rumbun bayanan asibiti zai leƙa sunan maƙwabciyarsu ya ga me ke damunta, kuma ba zai ji ya yi komai ba. A ganinsa "data" ce kawai.

Kuma batun cewa makaranta ba ta canza mutum, akwai binciken da ya sa na shiga wannan fagen. Erin Cech ta bi ɗaliban injiniya a makarantu huɗu na jihar Massachusetts a Amurka, har da jami'ar MIT, tun shigarsu har bayan sun fara aiki, ta buga a 2014. Ta sami damuwarsu da jin daɗin jama'a tana raguwa ne yayin da suke gaba a karatu, kuma ba ta dawo ba bayan sun fita. Ke nan makaranta tana canza mutum, sai dai ta ɓangaren da ba a so. Ana koya masa a fakaice cewa injiniyan gaske lissafi ne nasa, maganar mutane ta wasu ce. Ina so in san ko mu ma haka muke yi wa namu.

Ustazun Zaure:
To wannan kam magana ce. Amma can Amurka ce.

Malama Mai Bincike:
Shi ya sa nake son aunawa a nan, maimakon in ɗauka haka ne ko ba haka ba ne.

Ɗan Legas:
Bari in daina wasa in faɗi abin da ya same ni, ko zai yi amfani. Ustaz, ni ɗan gidan malamai ne, na sauke tun ina sakandare. Aikina na farko bayan hidimar ƙasa a wani kamfanin ba da bashi ta waya ne, ba zan kama suna ba. Wata rana oga ya ce in rubuta ɓangaren da zai kwashe duk lambobin da ke wayar wanda ya sauke manhajar ya ajiye a wurinmu. Ya ce don tantance mai karɓar bashi ne. Na rubuta cikin kwana biyu, har ina alfahari da yadda yake gudu ba ya cin data. Wallahi ko sau ɗaya kalmar amana ba ta zo min a rai ba. Abin da ke kaina shi ne kada ya tsaya a ƙananan wayoyi.

Bayan wasu watanni aka ce in haɗa shi da na'urar tura saƙo, yadda in mutum ya yi jinkirin biya za a aika wa duk mutanen wayarsa cewa ɗan damfara ne. A nan ne gabana ya faɗi. Amma kun san me? Ban ajiye aikin a ranar ba. Ina da kuɗin haya a kaina, ina tura wa gida, ga ƙanne biyu a makaranta. Na ce wa kaina ni dai magini ne, mai gida ya san abin da zai yi da ɗakinsa. Sai da na ga irin saƙon ya shigo wayar wani abokina a kan wata 'yar uwarsa mai sayar da abinci, a kan kuɗin da bai kai na cefanen mako ba, sannan na fara neman wani aikin. Daga baya ne hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta taso wa irin kamfanonin nan, Google ma a 2023 ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan da ke waya.

Malama, da kin ba ni takardarki a shekarar ƙarshe ta jami'a, "na yarda ƙwarai" zan zaɓa a kowace jimla, kuma ba ƙarya zan yi ba. Har zuciyata na yarda. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ɗana, ka yi jarumta da ka faɗa. Kuma wannan "ni dai magini ne" ba ta fitar da mutum ko a gaban alƙalin duniya. Da asirin Volkswagen ya tonu a 2015, cewa sun sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, injiniya ne, James Liang, kotun Amurka ta yanke wa wata 40 a 2017. Ba shi ne mai kamfanin ba.

Ustazun Zaure:
Subhanallah. Ɗan uwa, labarinka ya fi min hujjojin boko duka. Na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba shi ne, har yanzu ban ga yadda takarda za ta gano wannan ba.

Ɗan Lissafi:
Ba za ta gano wanda zai faɗi ba, Ustaz, wannan sai Allah. Amma tana iya gano abu biyu da suka fi "na yarda ƙwarai" amfani. Na farko, ko ɗalibi yana hango matsalar ma tukuna. Ki ba shi labarin Injiniya Ɗan Legas kamar yadda ya faru, kashi na farko kawai: oga ya ce a kwashe lambobi don tantancewa. Kada ki ambaci ɗa'a ko kusa. Ki ce ya lissafa abubuwan da zai duba kafin ya fara. In duk lissafinsa gudu ne da batir da girman fayil, kin sami amsa. In ya ce "masu lambobin sun sani kuwa?", kin sami wata amsar. Na biyu, wane dalili ne ya fi nauyi a wurinsa in abubuwa biyu masu kyau suka yi karo. Wannan ita ce dabarar gwajin da James Rest ya tsara a jami'ar Minnesota a shekarun 1970: a ba ka labari mai sarƙaƙiya, kamar na mutumin da matarsa ke bakin mutuwa kuma ba shi da kuɗin magani, sannan a jero maka dalilai ka tsara su bisa muhimmanci. Ba a tambayarka ko kai mutumin kirki ne. Dole labarin ya kasance da farashi, albashi ko maki ko fushin oga, in ba haka ba kin koma gidan jiya.

Wani abu kuma, kada ki ɗauka haddar ƙa'idoji ita ce ɗa'a. Ƙungiyar masana kwamfuta ta duniya, ACM, ta sabunta kundin ɗa'arta a 2018. A shekarar 2018 ɗin wasu masu bincike, McNamara da Smith da Murphy-Hill, suka gwada ɗalibai 63 da ma'aikata 105 da gajerun labarai na aiki. Wasu an tuna musu da kundin kafin su amsa, wasu ba a tuna musu ba. Ba a ga bambanci a zaɓinsu ba.

Autar Aji Uku:
Ina da ƙorafi ɗaya, Allah ya sa kada a ce na yi rashin kunya. A wata takarda da aka taɓa ba mu akwai tambaya ko daidai ne a yi amfani da manhajar da aka fasa ba a saya ba. To kwamfutocin ɗakin gwajinmu kansu da fasassun manhajoji suke aiki, malamai ne ma ke ba mu a filasha. In na ce daidai ne, an rubuta ba ni da ɗa'a. In na ce ba daidai ba ne, na yi munafunci. Wanne ake so?

Ɗan Legas:
Hahaha, wanzami ba ya son jarfa. Malamai ku amsa.

Malama Mai Bincike:
Auta kin kama ni, akwai irin wannan jimlar a tawa. Daga wata takardar ƙasar waje na ɗauko ta.

Ustazun Zaure:
Haƙƙin mai abu dai haƙƙinsa ne ko yana Amurka. Talauci ba ya halatta shi.

Ɗan Lissafi:
Ba hukuncin ake ja ba, Ustaz, ma'aunin ake ja. A ƙasar da makaranta ke saya wa ɗalibi lasisi, jimlar tana auna hali. A inda kuɗin lasisi ɗaya ya fi kuɗin makarantar shekara, ta fi auna aljihu. In Malama ta haɗa makinta da na leƙen bayanan marasa lafiya ta fitar da jimilla ɗaya, ta zuba gero da tsakuwa a mudu guda. Ta ware ta daban, ko ta tambaya ko sun san akwai na kyauta irin su Linux da LibreOffice kuma me ya hana su.

Baba Mai Ritaya:
Sannan harshe. Da Turanci kika tambaya ko?

Malama Mai Bincike:
Eh Baba, da shi ake koyarwa.

Baba Mai Ritaya:
Da shi ake koyarwa, amma ba da shi ake jin kunya ba. Yaro yana ganin kalmar ɗa'a da Turanci zai tuna kwas ɗin da ya haddace ya ci ya manta, ya ba ki amsar jarrabawa. Ki ce masa "tona asiri" ko "cin amana" ki ga yadda fuskarsa za ta canza. Sai dai ajinki ba Hausawa kaɗai ba ne, kada ki manta. In za ki fassara, wani ya mayar Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya sake mayarwa Turanci, ku kwatanta. Kuma ki zaunar da ɗalibai biyar ko shida su karanta da ƙarfi suna faɗa miki abin da suka fahimta. Za ki sha mamaki. Mu nan mutum yana miƙa wa mai POS kati ya faɗa masa lambar sirri da baki, gida guda ana karɓa-karɓar waya ɗaya. Abin da ake kira sirri a nan sai an tambaya, ba a ɗauko shi daga littafi.

Ɗan Lissafi:
Ƙari a kan na Baba: 'yan aji ɗaya da 'yan aji huɗunki ba mutane ɗaya ba ne. Wasu sun faɗi a hanya, wasu sun sauya sashe, wasu sun shigo daga difloma. Ko kin ga bambanci ba za ki iya rantsuwa makaranta ce ta kawo shi ba. Ƙarfin aikin Cech shi ne mutane ɗaya ta bi shekara da shekaru. Digiri na biyu ba zai ba ki wannan lokacin ba, amma kina iya auna aji ɗaya kafin su tafi SIWES, wato koyon aiki a ma'aikatu, da bayan sun dawo. Wata shidan nan ne karon farko da yawancinsu ke haɗuwa da oga na gaske.

Ɗan Legas:
Ni da za a bi tawa, a ajiye takarda. A ba su aiki a ɗakin gwaji, a "manta" da wani fayil mai suna sakamakon jarrabawa a cikin kwamfutar, a ga wa zai buɗe.

Malama Mai Bincike:
Injiniya, so kake a kore ni? Wannan tarko ne, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma ban ga alamar zai amince malama ta ɗana wa ɗalibanta ba.

Autar Aji Uku:
Ni dai zan buɗe, gara in faɗa tun yanzu.

Ustazun Zaure:
Auta ta fi kowa cin jarrabawar gaskiya a zauren nan.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, tunda an zo nan, takardun da ke hannunki masu lambar rajista, ina suke?

Malama Mai Bincike:
Suna cikin kwali a ofis, Baba. Na kuma shigar da su kwamfutata har da lambobin. Kai, sai yanzu na ji kunya. Ina binciken kare bayanan mutane, ban gaya wa yaran me zan yi da nasu ba, ban ce musu suna da damar ƙin cikawa ba, ga dokar kare bayanai an sa mata hannu tun Yunin 2023. Gobe in Allah ya kai mu zan goge layin lambobin, takardun kuma in sa su a kabad mai makulli.

Ga abin da na tsayar. Wannan zagayen zan kira shi gwajin farko, in rubuta dalilin da ya sa bai yi ba. Zan tsara labarai shida ko bakwai daga abin da ke faruwa a nan, ba suna ba lamba, kuma wani daga wani sashen ne zai raba, ba ni ba. Sauran aikin shi ne shawo kan malamina, don shi babi na huɗu yake jira. Injiniya, ka yarda in yi amfani da labarinka in na sauya kamanninsa?

Ɗan Legas:
Na yarda, amma ki bar maganar kuɗin hayar a ciki, in kin cire ta kowa zai sake zama waliyyi. Ina da wani ma na wata makarantar kuɗi da mai ita ya ce a buɗe masa ƙofar gyara maki ta baya ba tare da ta bar sawu ba.

Autar Aji Uku:
Malama ni ma ina da na wurin da yayata ta yi SIWES, wani asibiti ne da duk ma'aikata ke shiga da kalmar sirri ɗaya, an ma rubuta ta an manna a jikin allo. Sai dai in na turo, don Allah kada a raba mana takardar ƙarfe biyu na rana.

Malama Mai Bincike:
Na ji, da safe za a raba. Ku turo min ta akwatina bayan isha'i, yanzu wuta ta tafi kuma cajina saura kaɗan.